Mai Tuƙu Ba Za Ta Hau Keke Yau Ba

Assalamu alaikum jama'ar Ɗan Iya baki ɗaya, manya da yara! Gaisuwa ce daga fadar faci ta Gwallaga, daga bakin Sarkin Taya da kansa, Sale mai faci, wanda ƙusa ke jin sunansa ta fita daga taya da ƙafarta. Ina gaida amarya da ango. Ina gaida mai gidan hayarku, da maƙwabtan dama da na hagu, da limamin layinku da bansan sunansa ba tukuna, da mai shagon kwana, har da akuyar da ke leƙowa ta katanga. Kowa ya ɗauki tasa, kar a yi rububi, akwai saura a buhu. Allah ya tsare ku, ya sa kun shiga gidan nan a sa'a, ya raba ku da mugun ji da mugun gani.

Uwata, ke taki gaisuwar daban na ware ta. Ya baƙunta? Nasan yanzu kin fito kin tari mai keke, kinga turminki, kinga buhun tukwane, kin ɗaga kwandon da kika aiko a sa miki kaza sai kika tarar da takarda a ciki. Kar ki yi wa bawan Allah faɗa, ni na hana. Mai Tuƙu ba za ta hau keke yau ba. Ki samu wuri ki zauna ki karanta. In kinga harafi ya karkace ki miƙar da shi da kanki, a kan cinya nake rubutun tsakanin taya da taya. Da a waya ne, da tuni mamanki ta ƙwace tace ina cika ki da surutu.

Kazar taki ce, ban musa ba. Inna, Allah ya jiƙanta, ita ta kamo sagara mai tuƙu a ka ta ɗora miki a cinya kina 'yar mitsitsiya, tace ta takwararta ce, ko ni da na haife ki ban da ikon taɓa ƙwai ɗaya. Daga wannan sagarar duk kajin gidan nan suka fito, kowacce da tuƙunta kamar an ɗaura mata ɗankwali. Kinsan kuma abin da cutar bara ta yi mana, kullum da safe sai mun kwashe mun zubar, ita kaɗai ta tsaya da ƙafarta. Ita kenan ta rage a irin Inna. To yanzu haka tana bayan randa cikin tsohuwar taya, ta kwanta a kan ƙwai. Hidimar biki ce ta hana ki lura. In aka ɗaga ta ƙwan nan suka huce, sannan ta je gidan da babu akurki wani abu ya same ta, shikenan, irin Inna ya ƙare a hannunmu ni da ke.

Mamanki da ta je ganin ɗaki ta ba ni labarin filin da ke bayan ɗakinku. Tace wuri ne mai kyau, har da bishiyar dogon yaro a gefe. Tace maigidanki Yusuf ya nuna mata hoton wani akurki a waya, mai ƙafafu kamar gado, wai kafin a samu kafinta sai a ajiye kazar a kwali. Kwali! Uwata, kwali ai na sabulu ne. Ki gaishe shi da kyau, ki ce masa surukinsa injiniyan akurki ne, duk Gwallaga ba wanda ya gina yawan nawa. Mamanki zata ce miki wai dan kowanne lalacewa yake shi yasa suka yi yawa. Kar ki saurare ta, bincike nake yi.

Na farko da na gina, shekarar da aka sa ki firamare ne. Na duba tsakar gida naga wani lungu ba kowa, ba a girki a wurin, ba a shanya, ko tabarma ba a shimfiɗawa. Nace to ga fili Allah ya ba kaji. Ban tsaya na tambayi kaina me yasa duk gidan aka bar wa lungun nan zamansa ba. Rani ne lokacin, ƙasa a bushe ƙamas. Na samo ragowar bulo na jera, na shafe da siminti, har fenti na yi masa, shuɗi. Ƙofar kuma na juya ta gabas, wai rana ta riƙa tashinsu da wuri su kama nema. Mutane na shigowa kallo, ni kuma ina tsaye ina bayani da hannu a ƙugu.

Ruwan farko ya zo da yamma. Ashe indararon Maman Rahila, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, daidai kan rufin yake zuba. Ashe duk ruwan tsakar gidanmu a lungun nan yake taruwa kafin ya nemi kwata. Ga iska ta taso daga gabas tana cusa ruwan ta ƙofa kamar da gayya. Na fito a guje da buhu a ka, na tarar da kaji tsamo-tsamo, wata ta hau bayan wata. Mamanki na tsaye a bakin ɗaki ta naɗe hannu tace, "Malam, da ka faɗa min agwagi zaka koma kiwo ai da na sayar da kajin."

To ki ji. Kafin a buga ƙusa ko ɗaya, ki cika baho da ruwa ki sheƙa a filin nan, ki tsaya ki ga inda ya nufa. Inda ya je ya kwanta, nan ba wurin kaza ba ne. Ki ɗaga kai kuma ki duba rufin maƙwabta, ina indararonsu ya kalla. Akurki ya juya wa gabas baya, ruwan garin nan ta can yake dukan bango. Daɓen ciki ya ɗara ƙasar waje tudu, ko da tsawon tafin hannu ne.

Daga nan na yi rantsuwa ruwa ba zai ƙara taɓa min kaza ba. Na sayo tsohon kwano na rufe sama, na rufe gefe da gefe, na bi duk wata ƙofar ƙusa na liƙe da faci irin na taya. Ko allura bata shiga. Damina ta wuce lafiya lau, ina ta cika baki a majalisa. Da bazara ta kama sai kaji suka yi min tawaye. Magariba na yi, maimakon su shiga, sai su bi katanga, wasu su haye tulin tayoyina. Kullum ni ne da sanda ina kora ina zagi, ina cewa ga gida na alfarma kun fi son kwanan waje. Abin ya ɗaure min kai ƙwarai. Me suke gani a kan katanga da babu a ciki?

Ranar nan da azahar Maman Rahila ta leƙo tana shanya, ta kalli akurkin ta kalle ni tace, "Oga Sale, sa kanka a ciki mu gani mana."

Nace, "Ni da na gina?"

Tace, "Eh, kai ɗin. Sa dai."

Na sa. Uwata, ban gama bismilla ba gumi ya cika min ido. Ga zafi ga wari, numfashi ya gagara. Wata kaza da ta shiga yin ƙwai na ganta a kwance ta buɗe baki ta saki fukafukai, maƙogwaronta na rawa. Na zaro kaina, Maman Rahila na dariya har da riƙe katanga, tace, "Wannan ba akurki ba ne, gidan burodi ne. Saura ka sa musu yaji." Nace mata gwajin ƙarfinsu nake yi, kuma sun ci jarrabawa.

Kaza ta fi tsoron zafi a kan sanyi, wannan na gani da idona. Ki bar wa iska hanya ta sama, tsakanin bango da rufi, a rufe wurin da raga. In kwano za ku sa a sama ku ɗora masa zana ko ciyawa. Ku matsa kusa da inuwar dogon yaron nan, ta rana tsaka nake nufi, dan inuwar safe yaudara ce, tana tashi ta bar ka.

Amma ba zafin kaɗai ke kai su katanga ba. Bayan na fasa kwanon iska ta shiga, wasu basu daina ba. Sai na ɗauko benci na zauna ina kallonsu da yamma, kamar mai kallon ƙwallo. Naga kowacce sai ta karkata kai ta kalli sama da ido ɗaya, ta auna, ta yi tsalle. Ashe kaza bata son kwana a ƙasa, sai in kwanci take. Na gitta musu sanda a ciki, tsayin gwiwata, ranar ba wadda na kora. Abin mamakin, kowacce da wurinta a kan sandar, kullum nan take, in wata ta zauna mata sai an yi dambe. Wa ya raba musu? Yaushe suka yi taron? Har yau ban gano ba. Ki ce wa Yusuf ya tambayi wayar tasa, in ta sani ina son ji.

Maganar ƙofa kuwa ba sai na tuna miki ba, kina wurin, ke kika fi kowa dariya har kika faɗi a kan tabarma. Amma maigidanki bai sani ba, gara ya ji daga bakina kafin mamanki ta ƙara masa gishiri. Na yi ƙofa daidai kaza, nace ai kaza ce mai shiga. Ban tuna cewa kashi ba ya share kansa ba. Ya taru ya yi tudu, ƙuma ta yi gida a ciki, daga kaji ta dawo kanmu, duk gidan kowa na susa. Na ɗauki tsintsiya na kwanta rub da ciki na kutsa. Kai ya shiga, kafaɗa ta shiga, da aka zo kan tumbi sai magana ta tsaya. Ba gaba ba baya. Zakara na kaina yana kallona, ƙuma na bin wuyana, ni kuma ina kiran mamanki a hankali dan kar maƙwabta su ji. Ta zo ta kama ƙafafuna tana ja tana cewa, "Ka saki numfashi mana, Malam!" Nace, "Wane numfashin, duk yana waje!" Da ƙyar na fito, rigar ta tsaya a ciki. Ni dai har gobe auna ƙofar nake.

Ƙofa biyu za ku yi. Ƙarama ta kaza, babba ta mai shara, wadda za ki sa hannu da tsintsiya ki kai kowane lungu ba tare da kin kwanta ba. In wuri ya yi kaɗan, a yi rufin mai ɗagawa. Kar ku sayi maƙalin ƙarfe, tsatsa ke cinye shi, zan yanko muku robar taya, wannan sai dai jikokinku su gaji da ita. Ki riƙa zuba toka a ƙasa bayan shara. A waje kuma ki ware musu wani gefe mai yashi da toka a bushe, su yi birgima. Da ina ganin birgimar nan wasa ce. Ashe wankansu kenan, da shi suke kakkaɓe ƙuma. Dabbar da ke wanka da datti ta fito fes, ke kin taɓa jin irin wannan?

Sai filin yawonsu. A nan gidan, sakinsu muke yi su zaga layi su dawo, amma ku baƙi ne a unguwa, kuma gidan haya ne, kar kaza ta fara haɗa ki faɗa da mutane a kan shanyar hatsi. Ku kewaye musu wuri da raga a jikin akurkin. Ni da na yi nawa, gefe kawai na kewaye na bar sama a buɗe, ina ganin katanga ta isa. Ina zaune ina cin tuwo shaho ya sauko kamar an jefo shi, ya ɗauki ɗan tsako a gabana, ko sallama babu. Na rufe sama da tsohon gidan sauro. Sai kuma gafiya ta ɓullo ta ƙasa, da safe muka ga rami da gashi. Kinga ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, kamar sun haɗa baki. Dan haka gindin ragar a binne shi cikin ƙasa, a danne da bulo ko duwatsu. Idon ragar kuma ya zama ƙanana, in babban yatsana ya wuce to ɓera ma zai gwada. Ruwan shan 'yan tsaki a kasko marar zurfi, ki zuba tsakuwa a ciki, dan ɗan tsako a ruwan da bai kai ɗan yatsa ba sai ya nutse.

Shi wannan mai ƙafafun na wayar Yusuf, ban raina shi ba fa, ya tsaya min a rai. In ɗakin na sama, ruwa ya wuce ta ƙasa, gafiya ta rasa ta inda zata haƙo, da rana kuma su samu inuwa a ƙarƙashi. Wanda ya yi tunanin nan da a Gwallaga yake da mun yi abota. Abin da ban gane ba, mamanki tace da wani ɗan tsani suke hawa. 'Yan tsaki sabbin ƙyanƙyasa zasu iya tsani? In uwar ta hau ta bar su a ƙasa suna kuka fa? Ku bincika min wannan kafin a yanka katako.

Yanzu ga dalilin da yasa kwandonki ya dawo ba kaza. Lokacin da na gama akurkin da ya fi kowanne kyau, wanda ke nan har yau, kakar Mai Tuƙu tana kwanci a ɗakin Inna, a lungu bayan tsofaffin kwanuka. Nace ina, ga sabon gida da taya cike da ciyawa mai laushi, ita zata buɗe shi. Inna na kan sallaya tace, "Sale, bar ta inda take."

Nace, "Inna, zamani ya zo, kaza ma ta ci gaba."

Tace, "To."

Na kwashe ƙwan a hulata, na saɓo kazar a hammata tana ihu, na jera mata su a sabon wuri na ɗora ta a kai na rufe. Uwata, kazar nan ta miƙe ta kalli ƙwan nan kamar bata taɓa ganinsu ba. Nata ne fa, da ɗuminta a jikinsu. Ta taka su ta wuce, ta kama zarya a jikin raga tana neman hanya. Nace zata gaji ta kwanta, na tafi wurin aiki. Da na dawo na tarar ta samu kafa ta fice. Ina take? Tana ɗakin Inna bayan kwanuka, ta baje fukafukai a kan ƙasa tsura, ba ƙwai ko ɗaya a ƙarƙashinta, tana hura wuya in an matso. Ƙwan kuwa na can sun yi sanyi ƙalau. Na mayar mata da su da gudu, ta karɓa ta ci gaba da kwanci har lokaci ya wuce, ba wanda ya fashe. Duk sun zama baragurbi. Inna ta miƙo min kwano tace in kai su bola da kaina, kuma in bi a hankali.

Ashe kaza mai kwanci ba ƙwan ta sani ba, wurin ta sani. Shekara da shekaru ina juya abin nan a kaina. Ta yarda ta zauna a kan ƙasa ba komai, ta bar 'ya'yanta a gado mai laushi, dan kawai ba nan ta fara ba. Lokacin muna da kaji da yawa, asarar bata wuce ta ƙwai ba. Yanzu ita kaɗai ce.

Jiya na tsuguna bayan randa ina kallon Mai Tuƙu. Tana sa baki tana juya ƙwan ɗaya bayan ɗaya, na gefe ta turo shi tsakiya, tana wani ƙus-ƙus da su kamar mai ba su labari. Na kai hannu ta sare ni, har yanzu wurin na zafi. Na sa kunne kuma, rantsuwa ba zan yi ba, amma kamar naji motsi. Saura kaɗan.

Dan haka ga yadda za a yi. Ku fara gini, ni kuma ina gadi. Ranar Juma'a in an sauko zan zo da robar taya in ga filin da idona, ki tanadi baho da ruwa, ki kuma tanadi abinci dan injiniya ba ya aiki da yunwa. In ta ƙyanƙyashe, 'yan tsakin suka yi ƙwari suka fara fitar da gashin fiffike, akurki kuma ya tsaya na sa kaina a ciki na fito ba gumi, ni da kaina zan rungumo su cikin kwando a keke in kawo miki har ƙofa. In sun zo ki kulle su a ciki 'yan kwanaki, ci da sha duk a nan, sai sun san nan ne gida kafin ki buɗe. Zata yi zarya a jikin raga, zata yi kuka, kar tausayi ya sa ki saki. Tana dainawa. Mamanki tace ke ma da kika ce "gida" a hira, nan Gwallaga kike nufi. Ba komai Uwata, a hankali ne.

Allah ya yi miki albarka, ya zaunar da ku lafiya ke da maigidanki, ya tsare ku daga sama da ƙasa, ya kare dabbarku daga cuta. Allah ya jiƙan Inna, ya sa irinta ya yaɗu a Ɗan Iya har maƙwabta su fara kai ƙara. Amin.

Saura magana ɗaya, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Ranar da na kawo miki su, tsakar gidan nan zai zama ba kaza ko ɗaya, abin da ban taɓa gani ba tun kina rarrafe. Mamanki zata zubar da dusa ba mai tsincewa, ni kuma in ajiye benci da yamma ba abin kallo. Ikon taɓa ƙwai ba ni da shi, Inna ta hana, dan haka roƙo nake. In sun girma ki zaɓi sagara ɗaya, mai tuƙu sosai ba mai ɗan tsiro ba, ki sa a kwandon nan ki aiko min.

Naki har kullum,
Babanki, Sale mai faci, Gwallaga.